Zobo ne a kwalbar Lami

Shekara uku ke nan cif da motar haya ta banke Lami a unguwar Ataba ta birnin Alƙahira da rana tsaka, tana rungume da yadin da ta saya na kayan wasan kwaikwayo. Na ɗauka zuwa yanzu zuciyata za ta huce. Ba ta huce ba, kuma ba direban nake jin haushi ba.

Lawal iyayenta suka raɗa mata, da wannan sunan ta zo Alƙahira karatu aka haɗa mu ɗaki ɗaya. Wanda "ta" ɗin da nake cewa ta tsaya masa a wuya, ya kora da ruwa. Haka ta roƙe ni in kira ta tana raye, na yi ta noƙewa, kuma ba zan sake hana ta ba yanzu da take ƙasa.

A shekara ta biyu ta ajiye karatu ta shiga wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo a Wustul Balad, tsakiyar birni. An fi saninta da wasan wata tsohuwa mashayiya, zani a karkace, kwalba a hannu, tana zazzaga wa kowa masifa da Hausa da Larabcin Masar a cakuɗe. Matan manyanmu kan kira ta bikin suna su yi dariya har da hawaye, washegari su gan ta a jirgin ƙasa na metro su kau da kai. A lokacin, abin da ke cikin kwalbar na gaske ne. Ta sha, ba zan yi mata ƙarya ba, ni ne mai kwaso ta daga kan matakala.

A shekarar da gari ya hargitse da zanga-zanga ta daina sha. Duk Talata takan tafi unguwar Mohandessin wurin wata likita, irin waɗanda ba sa allura, sai dai a zauna a yi magana. Mu ɗalibai mun riga mun yanke cewa aljana ce ta shige ta, an yi mata ruƙiyya sau biyu har muryoyi suka dishe. Na tambaye ta me likitar take yi da malamai suka kasa.

"Ustaz," ta ce, don haka take tsokanata, "ranar farko tambayata ta yi da wane suna nake so a kira ni. Khalas, shi ke nan. Na yi ta kuka har lokacin ya ƙare. Tunda aka haife ni ba wanda ya taɓa tambayata."

Mai shirya wasan ya ce a cire kwalbar daga wasa, ta ƙi. Ta ce tana so ta riƙe ta a gaban jama'a ta san ta fi ƙarfinta. Sai ta koma cika ta da zobo. Na Masarawa bai yi mata ba, ta ce ba citta ba kanumfari, don haka ni nake dafa mata duk ranar wasa. A bakin layi take tsayawa ta karɓa, domin ban yarda ta hau benenmu a gan mu tare ba. Shekara ɗaya da wata huɗu muna haka, ko ɗigo ba ta sake kai wa bakinta ba.

Al'adarmu a nan, idan ɗan gida ya rasu, mu muke wanka, mu yi sutura, mu yi salla, sannan dattijonmu ya kira iyaye. Ranar da aka kawo jakarta bayan la'asar, dattijon ya ɗaga kwalbar da yatsa biyu kamar ya ɗauko mataccen ɓera. Mutum goma sha wani abu a falon dattijon, masu haddar babin jana'iza da sharhinsa, ba wanda ya buɗe murfin ya shinshina. Nan take kowa ya tuna yana da darasi gobe. Sun sani sarai ko mashayi ana yi masa salla. Ba giyar ce ta dame su ba, hujja suke nema kada su taɓa jikinta, kwalbar ta ba su.

Dattijon ya juyo gare ni. "Malam Isa, kai ka zauna da shi. Me ka sani?"

Na tuna da tallafin karatuna, da abin da za a faɗa a kaina kafin magariba. Na ce, "Allahu a'alamu." Da sunan Allah na rufe bakina, tukunyar da na dafa zobon tana ɗakina ban ko wanke ta ba.

Abokan wasanta Masarawa da wani mai gadi ɗan Sudan ne suka yi mata sutura. A daren aka kira gida aka ce Lawal ya mutu a buge.

Da Lami za ta ɗago ta gan mu yau, dariya za ta yi, irin mai ciwon nan tata. Na gama karatu, har ana sa ni yin nasiha ga sababbin ɗalibai a kan gulma da shaidar zur. Waɗanda suka gudu daga gawarta suna nan, suna maimaita barkwancinta a wurin shan shayi ba tare da sun ambaci mai shi ba. Abin da ya rage nata ke nan a hannunmu, sai ƙaryar da muka aika gida.

Mahaifiyarta, Inna Hajara, tana raye. An ce mini duk asuba tana roƙon Allah ya yafe wa ɗanta mutuwar maye. Ba ta karatun boko, amma a unguwarsu ba a rasa mai karanta jarida. Don Allah wanda ya ga wannan ya je ya karanta mata. Inna, ki kira abin da kika haifa da sunan da kike so, ba zan yi jayayya da ke ba. Amma da hankali garau aka koma ga Allah ranar nan. Zobo ne a kwalbar, Inna. Ni na dafa shi da hannuna, kuma da aka tambaye ni na yi shiru.