Askin Sunan Ɗana Na Fari

Shekarun baya, lokacin ina sabon ma'aikaci a wata ma'aikatar tarayya a nan Abuja, na yi wani abu da har yau yake damuna. Yau dai bari in faɗa muku, ko na samu sauƙi.

Mahaifina wanzami ne, kakana ma haka. A garinmu babu jaririn da za a yi wa suna Baba bai zo da zabirarsa ba, wato jakar fatar da yake zuba asake da ƙaho, ya zauna a tabarma ya aske gashin haihuwa. Da wannan zabirar na yi karatu har na gama jami'a. Amma da na shigo Abuja na tarar da ofis cike da 'ya'yan manya, wannan babansa tsohon alƙali, wancan tsohon jakada, sai na fara jin kunyar faɗar sana'ar Baba. Ranar da ogana ya tambaye ni aikin Baba, sai na ji kaina ina cewa, "Ma'aikacin lafiya ne, ranka ya daɗe, amma ya yi ritaya." Ban shirya ƙaryar ba, da kanta ta fito. Da na ga ta zauna daram, sai na bar ta.

Ku sani fa, a lokacin ni ba ni ba ne. Karin hular oga na ɗauka, da tafiyarsa, har ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya fara magana sai da na kwaikwaya. Ɗaki da falo nake haya a Kubwa, ina bin motar haya, amma nesa da ƙofar ofis nake sauka in ƙarasa da ƙafa ina kaɗa makulli, makullin ɗaki.

Ana nan Allah ya ba mu ƙaruwa, matata ta haifi namiji. Na buga wa Baba waya. Da yake ni ne ɗan fari, bai taɓa kiran sunana ba, kuma ba ya nuna murna a kan abin da ya shafe ni. Amma ranar sai na ji yana dariya.

"To madalla. Ina nan tafe ranar Juma'a in ga abokin nawa. Kai, kada kowa ya taɓa masa kai."

Na ce to, Baba.

Suna ya faɗo ranar Asabar. Da na kai goro ofis, oga ya ce ai shi da kansa zai zo raɗin suna da safe, tare da mutanen sashenmu. Kowa na taya ni murna. Abin da kawai nake hangowa shi ne Baba zaune a tabarma a gaban oga, ya baje zabira yana wasa aska a tafin hannu.

Ranar Juma'a da hantsi, Baba yana cikin mota a hanya, na je shagon askin da ke bakin layinmu na ɗauko mai shagon da kilifarsa. Matata ta rungume yaron ta dube ni.

"Baba fa yana hanya. Me za ka ce masa?"

Na ce, "Zamani ya wuce aska. Ke dai miƙo shi."

Ta miƙo shi, amma ta juya fuskarta bango. Cikin 'yan mintuna aka gama. Aka share gashin aka zuba a bola.

Da la'asar na ɗauko Baba daga tashar Zuba. Zabirar na rataye a kafaɗarsa, ya ƙi yarda a sa ta a but ɗin motar hayar da muka hau. Muna isa gida ko ruwa bai sha ba ya ce a kawo masa abokinsa. Ya karɓe shi, ya yi masa addu'a, yana tsokanarsa wai ya zo ƙwace masa mata. Sannan ya zame 'yar hular da ke kansa.

Ya daɗe yana kallon kan. Ya shafa shi da babban yatsa, daga goshi har ƙeya.

"Wa ya yi masa?"

Na ce, "Baba, likita ne ya ce kada a sa masa aska." Ƙarya ce, babu likitan da ya ce haka.

"To. Ina gashin? A kawo a auna, a fitar masa da sadaka."

Matata ta tashi ta shige ɗaki. Baba ya mayar wa yaron hularsa a hankali, ya ce, "An bar masa kaɗan a bayan kunne." Ya tura zabirar ƙarƙashin kujera, kuma ba ta sake fitowa ba sai ranar tafiyarsa.

Washegari aka raɗa suna, aka yanka rago, mutanen ofis suka cika rumfa. Oga ya zo har gaban Baba ya rage tsawo ya gaishe shi. Ina tsaye da tiren goro na ji yana cewa, "Baba, an ce ku ne ma'aikatan lafiya na da. A wane asibiti aka yi aiki?"

Baba ya ɗago ya dube ni. Ba harara ba ce, da ma harara ce da na fi son ta. Kallo ne na wanda ya gama gane komai yanzu-yanzu. Sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Wani ɗan ƙarami ne a can wajenmu, ba za ka san shi ba."

Tun tasowata ban taɓa jin mutumin nan ya yi ƙarya ba, ko a ciniki. Ranar sunan jikansa, a gaban jama'a, ya yi ta don ya rufa mini asiri. Kuma kun san abin kunyar? A lokacin daɗi na ji. Na ce alhamdu lillahi, na tsira.

Ranar Lahadi ya ce zai koma, wai ya bar aiki. A tasha ya sa mini albarka kamar kullum.

Bayan 'yan watanni oga ya leƙo ofishinmu ya ce, "Jama'a, wa ya san wanzami mai hannu? 'Yata ta haihu, ni kuwa ba a sa wa jikana kilifa." Wani ya ce akwai wani dattijo a Gwagwalada. Aka tura mota ta ɗauko shi. Ni ina zaune da fayil a gabana, na kasa ɗago kai. Ashe mutumin da na yi duk wannan don in burge shi, da ya san gaskiya ƙila da shi zai fara miƙa wa Baba kansa.

Na yi ta cewa zan je gida in ba Baba haƙuri. In an yi Sallah, in an ba ni hutu, in an sake haihuwa zan sa ya yi askin a gaban kowa. Kafin a sake haihuwar, Allah ya yi masa rasuwa.

Bayan addu'ar bakwai mahaifiyata ta kira ni ɗaki ta ajiye zabirar a gabana. Ta zaro wata aska naɗe a farin ƙyalle, sabuwa fil.

"Ta ɗanka ce. Ranar da ka bugo waya ya tafi wurin maƙeri da kansa, ya dawo ya wasa ta da hannunsa. Da ya dawo daga wurinku ya naɗe ta, bai yarda ya taɓa kan kowa da ita ba."

Na ce, "Inna, ya faɗa miki abin da na yi?"

"Cewa ya yi an riga shi, shi ke nan."

Ban samu wani babban darasi da zan jera muku ba. Na dai gane cewa mutanen da nake tsoron idonsu ko kallona ba sa yi. Oga ya yi ritaya tuni, in mun haɗu a masallaci da ƙyar yake tuna ni. Wanda ya san ni ciki da bai, ya kuma so ni a haka, shi na ɓoye a ƙarƙashin kujera. Yanzu duk wanda ya tambaye ni, ko a gaban wa, nakan ce ni ɗan wanzami ne, jikan wanzami. Faɗar ba ta da wuya ko kaɗan, kuma wannan ne ya fi yi mini ciwo.

Da aka haifi ɗana na biyu, na je Gwagwalada na ɗauko dattijon nan. Na shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar rumfa, na kwance farin ƙyallen na miƙa masa askar. Ya gwada kaifinta a farce, ya jinjina kai, ya ce, "Wanda ya wasa wannan ya san aiki. Ina yake?"

Na miƙa masa yaron, na ce, "Babana ne. Wanzami ne, Allah ya yi masa rasuwa."