Wanit ɗin da Ya Ja Gadon Kaka

Kakata ba ta kwana a gadon wani. Doka ce a gidanmu na unguwar Utaibiyya, kusa da Harami, kamar yadda ba a shiga mata ɗaki da takalmi. In ka yi mata zancen otal sai ta kalle ka sama da ƙasa ta ce, "Ka san wa ya mutu a kan katifar?" Tun da na buɗe ido ban taɓa ganin ta kwana a waje ba sai a Mina, can ɗin ma tabarmarta take shimfiɗawa a ƙasa.

Amma duk shekara in sanyi ya fara janyewa sai ta fara zancen Ɗa'if. A can suka fara zama da marigayi kakanmu lokacin da suka iso ta Sudan, tana amarya, suna tsinkar wardi a gonar wani Balarabe. Wardin nan kuwa ba ya jiran kowa. 'Yan makonni yake yi a shekara, kuma da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta shanye ƙamshin. Bayanta ba ya ɗaukar zuwa da dawowa a yini ɗaya, dole sai an kwana. Ita kuma ga dokarta. Haka muke ta zagaye duk shekara, a yi zance a yi dariya a watse.

A shekarar da nake ba ku labari ba a yi dariya ba, don idonta ya fara rufewa. Wata safiya ina shan shayi ta ce, "Maigida, ina so in ga wardin nan kafin fitilar ta mutu." Maigida take ce mini, ni kuma in ce mata amarya, wasan jika da kaka.

Ni a lokacin na bar makaranta, ko in ce mun rabu da ita ba tare da faɗa ba. Aikina tura tsofaffin alhazai a keken guragu, daga masaukinsu a Misfala zuwa bakin Harami. Ba ni da mota, ba ni da lasisi, sai baki.

Mai mota Kawu ne, ƙanin Ummata. Shekarunsa ashirin yana jigilar jakunkunan alhazai a Kudai. Wani injiniya da ya daɗe yana yi wa hidima ya tashi komawa ƙasarsu, sai ya bar masa karafan, wato ɗakin nan mai taya da ake ja da mota, har da taga da ɗan wurin girki. Kawu ya ajiye shi a wani fili a Kudai, ya zo gida yana washe baki.

"Inna, an gama. Ɗakinki zai bi ki har Ɗa'if."

"Da gadona?"

"Da gadonki."

Matsala ɗaya, ƙaramar motarsa ko akuya ba za ta ja ba. Dama yana da niyyar sauya ta da a-kori-kura, wadda mu a nan muke ce wa wanit. Saura kamar mako biyu wardi ya ƙare, sai ya ja ni haraj, kasuwar tsofaffin motoci, wai in riƙe masa ruwa.

Yanzu bari in gaya muku yadda mutanenmu na Kudai suke zaɓar wanit. Ba sa buɗe inji. Ba sa karanta takarda. Ƙarti huɗu ake nema, masu tumbi, a ce su hau baya su yi tsalle tare. In bayan motar ya dawo sama da sauri, ta yi. In ta zauna kamar mai ciwon gwiwa, a wuce. Duk wanda ya ci abinci da jakar alhazai haka ya sani, mota ita ce abin da take ɗauka a gadon bayanta.

Kawu ya hango wata fara, sumul, kujera ɗaya a gaba, an manna mata furanni a gilashi. Nan take na ga ya tafi. Ya tara ƙartinsa, har da wani mai sayar da lemo da aka roƙa ya ajiye tire, suka hau suka yi tsalle. Motar ta dawo sama kamar ƙwallo.

"Ka gani, ya walad?" in ji Kawu. "Budurwa ce."

Dillalin, wani ɗan uwanmu da Hausarsa ta narke rabi cikin Larabci, ya dafa ƙirji. "Wallahi ya shaikh, wannan dutsen Uhudu ma za ta ja."

Na ce, "To ya dutsen zai tsaya in ta tsaya?"

Suka juyo suna kallona.

Na ce, "Kawu, ni fa direba ne, mai taya huɗu kuma. Tura hajiya mai jiki zuwa sama ba wahala ba ce, gumi ne kawai. A gangaren Misfala ake gane namiji. In ta fi ka nauyi, ba kai kake tura ta ba, ita take jan ka. Rannan wata ta kusa kai ni cikin shagon mai dabino, ina birki da silifa tana ta salati."

Dillali ya yi dariya har ya tuntsure. Kawu ya ce, "Ka ji ja'iri. Wanda bai gama aji tara ba zai koya mini mota."

"Aji takwas, Kawu. Kada ka ƙara mini."

Duk da haka ya ɗauko waya ya nuna mini hoton ɗan ƙarfen da ke jikin karafan, inda aka rubuta nauyinsa. Ya nuna takardar farar motar, inda aka rubuta abin da za ta iya ja. Lissafi ya yi daidai, har da rara. Ni kuwa da lamba ba ma gaisawa. Abin da na iya samu kawai shi ne dillali ya yarda gobe a kai ta Kudai a gwada da karafan ɗin kafin a sa hannu.

Abin da ba mu sani ba, muna haraj Ummata da Kaka sun karɓi makullin karafan. Wai za su ɗan share shi su ajiye 'yan kaya kaɗan. Maƙocinmu mai ɗaukar kaya ya yi musu sawu uku.

Washegari da hantsi aka haɗa. Da aka sauke ƙugiyar karafan a kan ƙarfen farar motar, sai bayanta ya durƙusa, hancinta ya ɗaga sama kamar tana neman jinjirin wata. Kawu ya ce sabo ne ba ta yi ba. Ya shiga, dillali a tsakiya, ni a bakin ƙofa, cinya kan cinya.

Ta ja, ban hana ta ba. Ta yi kuka amma ta ja. Muka hau wani ɗan tudu bayan tashar bas, Kawu yana kallona ta gefen ido yana murmushi. Sai muka juyo gangare.

Ya taka birki. Motar ta ce ta ji, karafan ya ce shi bai ji ba. Na ji abin nan da na sani a ƙashin bayana, nauyi yana turo ka daga baya kana jin ƙafarka ba taka ba ce. Wutsiyar motar ta fara rawa dama da hagu. Dillali ya manta Larabci kaf, Hausar kakarsa ta dawo masa tsaf: "Wayyo Allah na! Wayyo Inna!" Allah ya taimake mu hanyar babu kowa, muka gangara muka tsaya a kan yashi, ƙaurin birki ya cika mana hanci.

Na ce, "Kawu, in ara maka silifana?"

Bai ko kalle ni ba. Kusa da wurin akwai masu sayen tsohon ƙarfe, suna da mizanin da mota ke hawa. Muka lallaɓa can. Mai mizani ya duba allonsa, ya duba ɗan ƙarfen jikin karafan, ya ce, "Siminti kuka zuba a ciki?"

Kawu ya buɗe ƙofa.

Gadon Kaka ne ya fara gaishe mu, na ƙarfe, mai rumfa, wanda maza huɗu ke ɗagawa suna nishi. Wannan mun san da shi. Ba mu san da turmi da taɓarya biyu ba. Ba mu san da buhun gero da na shinkafa ba, da tukunyar da ake dafa abincin suna a cikinta, da tulun gas biyu, da keken ɗinkin Ummata. A ƙarƙashin gadon kuma jarkokin zamzam ne a jere kamar sahun salla, na ƙirga har na gaji. Shi ɗan ƙarfen nan nauyin karafan ya faɗa lokacin da yake fanko. Wanda ya rubuta shi bai taɓa ganin Bahaushiya za ta yi tafiyar kwana uku ba.

Muka koma gida, Kawu ya durƙusa gaban Kaka.

"Inna, a rage kaya. A Ɗa'if ma akwai ruwa."

"Ruwan wa? Shekara nawa ina shan zamzam, yanzu da tsufana zan canza wa cikina ruwa?"

"To turmin fa?"

"Furata za ta daka kanta?"

"Buhun shinkafa, Inna. Kwana uku ne fa."

"Ba namu ba ne. Jikokin mai gonar nan suna nan. Kakansu ya ba mu ɗaki lokacin da ba mu da ko tabarma. In je musu hannu na dukan cinya?"

Na ce, "Amarya, keken ɗinkin fa? Wardi za ki yi wa riga?"

Ta ɗaga sandarta. "Kai dai mijin banza ne, ko sadaki ba ka biya ba sai surutu." Sai ta juya ga Kawu, ta sassauta murya. "In motarka ba za ta iya ba, a bari. Ai na gani da, ya isa."

Da Kawu ya miƙe sai ya ce mini, "Tashi, direba."

Keken ɗinki kaɗai aka sauke, shi ma don Ummata ta ji kunya ne.

Wannan karon da muka koma haraj ba a nemi ƙarti ba. Kawu ya riƙe takardar mai mizani a hannu kamar takardar asibiti, yana bi mota mota yana tambaya: nawa take ja, nawa ne nauyinta ita kanta, akwai giyar ƙarfi ta hawa da sauka, akwai wurin haɗa wayar birkin karafan? Ni kuma ya ba ni aikin leƙa ƙarƙashi in ga ko ƙarfen ja a jikin ƙashin motar aka ɗaure shi ko a bamba aka liƙa don ado. Rabinsu ado ne.

Wadda ta ci jarrabawa tana can ƙarshen layi, inda ba a kai baƙi. Ƙatuwa, kalar ƙasa, mai shan dizal, kujeru gaba da baya, ƙofa ɗaya launinta daban. Wani makiyayi ne ya yi shekaru yana kai tumaki da ita. Da na buɗe ƙofa warin ya mare ni har na ja da baya.

"Kawu, wannan ba budurwa ba ce. Ta aurar da jikoki."

"Rufe mini baki. Inna za ta iya miƙe ƙafa a baya?"

Na shiga na kwanta na gwada. Har da rara.

Muka kai ta gangaren nan na Kudai, da gado da turmi da zamzam da komai. Kawu ya sa giyar ƙasa, ya ɗan taɓa birki. Karafan ya biyo mu a hankali kamar ɗan rago bayan uwarsa. A ƙasan gangaren Kawu ya tsaya, ya ja, ya sake tsayawa, don daɗi kawai. Dillali ya ce dama shi tun farko ita ya so ya nuna mana.

Kwana biyu aka yi ana wanke ta. Ummata ta ƙona turaren wuta a ciki har maƙota suka zaci biki ake. Tumakin ba su fita ba.

Muka tashi bayan sallar asuba. Ba mu bi ta hanyar Hada mai lanƙwasa ba, muka bi ta hanyar Sail, doguwa amma mai sauƙin hawa. Kaka na kwance a baya da matashinta, tana ba Kawu umarni a kan hanyar da ba ta gani ba tun kafin a haife shi. Motar na gurnani tana hawa, allurar zafi ba ta ko motsa ba. Duk sanda muka wuce wata ƙaramar fara a gefen titi an buɗe mata baki tana huci, sai in ce, "Kawu, ga budurwarka can." Ya ce in na ƙara zai sauke ni in ƙarasa da silifa.

Jikokin mai gonar ba su san mu ba. Amma da Kaka ta faɗi sunan kakansu, ta kwatanta rijiyar da ke bayan tsohon ɗakin, aka sauke buhun shinkafa, sai babbansu ya sumbaci kanta ya buɗe mana ƙofar gona da kansa. A gefen shukar muka kafa karafan. Ta kwana a gadonta, da bargo biyu.

Da gari ya fara wayewa na tura ta a kekena tsakanin layukan, don da shi na zo, ai ni ma ina da kaya. Sanyi na cizon kunne, raɓa ta jiƙa mini wando. Ta ce in tsaya. Ta kai fuskarta dab da wani fure har hancinta na taɓa shi, ta daɗe a haka.

"Kina gani, amarya?"

"Ina gani. Ja-ja ne, mai haske. Yadda na bar shi."

Sai hannunta ya fara aiki shi kaɗai. Ta kama ƙasan furen da yatsa biyu, ƙas, ya faɗa cinyarta. Ƙas, wani. Ma'aikatan gonar suka tsaya suna kallon tsohuwa a keke tana neman wuce su. "Tura mana, mijin banza," take ce mini, "rana na zuwa!" Na tura. Kawu na biye da mu da kwando, yana share ido yana cewa sanyi ne.

Da za mu dawo suka ba ta wardi cike da zani. Ba ta sa a karafan ba. Ta zazzage shi a ƙarƙashin kujerun wanit, ta ce ko tumakin nan za su ji kunya su tafi. Har yau Kawu na jigila da motar a Kudai, kuma in rana ta dake ta, duka biyun kake ji, wardi da tumaki.