Yadda Muntakan Barakatu Ya Zama Balarabe

A Kurayyat, wata unguwa a Jidda, idan aka ambaci Muntakan Barakatu, tsofaffi sukan rufe baki da gefen mayafi su yi dariya, samari kuma su gyara zama. An haife shi a 1975, a wani ɗaki mai rufin kwano bayan masallaci, wata biyar bayan uwarsa Barakatu ta gama aikin Hajji ta dubi jirgin komawa gida ta ce ita fa ba ta ga kujerarta a ciki ba. Ubansa mai gyaran takalma ne, ya rasu yaron bai fitar da haƙori ba. Babu inda aka rubuta haihuwarsa. Takarda ɗaya da ta taɓa shiga hannun Muntaka ita ce wadda Barakatu ke ƙunshe gyaɗa a ciki a bakin kasuwar Balad.

Allah bai ba shi iƙama ba, wato takardar izinin zama, sai ya ba shi ƙafar hagu. Tun yana ɗan shekara goma, idan ya taka ƙwallo a filin ƙasa na unguwa, direbobin tasi sukan tsaya su bar fasinja yana zagi. Hausarsa kuwa kamar tuwon amarya, duk gudaji. Sai ya fara da "Inna" ya ƙare da "wallah ya Ummi", Barakatu ta bi shi da muciya tana cewa Ummin tana gidan ubansa. Da muciyar nan ta koya masa abu ɗaya da bai taɓa kuskurewa ba: idan babba ya tsaya a gabanka, ka cire takalmi, ka durƙusa, ka gaishe shi.

Sau uku masu neman 'yan wasa na manyan kulob suna zuwa kallonsa. Sau uku suna tafa masa, su dafa kafaɗarsa, su ce ya kawo takardunsa gobe. Halas, magana ta ƙare. Idan ya jefa ƙwallo a raga, 'yan kallo su yi ta ihu "ɗanmu, ɗanmu!" Idan aka zo rubuta suna, ya koma Takari.

Da ya ga ƙafar hagu ba ta cika ciki, ya kama aiki a unguwar Safa ta Jidda, a shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki. Mai shagon, Mu'allim Yunan, mutumin Sham ne, Kirista, mai tumbi da kirki. Yana da ɗan 'yar'uwa mai suna Ninos da ke buga ƙwallo a ƙasar Suwidin, yana aiko masa da kaset ɗin bidiyo. Bayan abincin rana sai a rufe ƙofa rabi a kunna. Muntaka ya ga fili kore shar, ƙanƙara a gefe, da samari masu baƙin gashi, 'ya'yan mutanen Sham da Iraƙi da Labanan, suna buga wa kulob a ƙasar Turawa, ana kiran sunayensu a lasifika, ba wanda ya tare su a ƙofa.

"Ya Mu'allim, waɗannan wa ya ba su iƙama?"

"Can ba a tambayar ƙafa takarda," in ji Yunan, bakinsa cike da burodi. "Ka ga kulob ɗin da Ninos yake? Namu ne, mu Ashurawa. Mu mutane ne da ba mu da ƙasa. Duba taswira, ba za ka same mu ba. Wannan kulob shi ne ƙasarmu."

Muntaka ya ajiye cokali. "Ba ku da ƙasa?"

"Ko taku ɗaya."

"To ai ni ma haka! Shekara ashirin da biyar ke nan!"

Yunan ya yi dariya har ya ƙware. "Ashe kai ɗan'uwanmu ne ban sani ba. Ahlan, ya ɗan Ashuri!"

Shi ya faɗa ya manta. Muntaka kuwa ya ɗauka ya adana a zuci.

Don kirki, Yunan ya sa aka ɗauki wasan Muntaka a kaset ya aika. Bayan wata biyu wasiƙa ta zo daga Ninos: kocinsu ya kalla, ya ce ƙafar hagun ba laifi, idan wata rana yaron ya samu kansa a Suwidin, ya leƙo wajen atisaye. Duk mai hankali ya san wannan ita ce "Allah ya ba da sa'a" ta Turawa. Muntaka ya kai wasiƙar aka lulluɓe masa ita da roba, ya rataya a wuya.

Saura tafiya. Ba fasfo, ba biza. Amma duk ɗan Kurayyat ya san jirgin kyauta. Wanda zaman Jidda ya ishe shi, sai ya ɗaure kayansa ya je ya zauna a ƙarƙashin gada, inda marasa takarda ke taruwa. Motar askarawa ta zo ta kwashe su zuwa tarhil, gidan da ake tsare waɗanda za a mayar ƙasashensu. A can a tambaye ka ƙasarka, mutanen ofishin jakadancinku su zo su ce kai nasu ne, a ɗora ka a jirgi ba ka biya ko sisi ba. Ɗan Indunusiya ya ce Indunusiya, a kai shi. Ɗan Cadi ya ce Cadi, a kai shi. Muntaka ya kwana biyu yana juya abin, ya ga babu inda aka ce dole sai ka faɗi ƙasar da uwarka ta fito.

"Abin da ka faɗa shi suke rubutawa, ya Ummi. Ni zan ce Suwidin, bas."

Barakatu tana ɓare gyaɗa, ba ta ko ɗaga kai ba. "Kai da ko Ɗa'if ba ka taɓa zuwa ba don tsoron shingen hanya? Wanda ya fita ta ƙofar nan, Muntaka, ya fita ke nan. Nan aka binne cibiyarka, nan aka binne ubanka. Idan suka ɗauke ka, ni ba ni da takardar da zan bi ka ko bakin ƙofa."

"Wata shida zan aiko miki da biza."

"Biza ta ci gidanku. Su Ashurawan naka suna sallah?"

"Ni Ashuri ne Musulmi."

"Kai dai sakarai ne Musulmi. Miƙo mini faranti."

Bai gaya wa Yunan ba. Ya dai lallaɓa shi ya koya masa gaisuwarsu, "shlama", da kalmar na gode. Ya je kasuwar gwanjo ya sayi wata jibgegiyar kwat mai gashi a wuya, ya shafe kansa da man miƙar da gashi har fatar ta ɗaye. A cikin watan Agusta, lokacin da kare ma ba ya taka kwalta a Jidda, Muntaka ya sauka ƙarƙashin gada sanye da kwat, takalman ƙwallo a rataye a kafaɗa.

Rabin mutanen wurin Hausawa ne.

"Kai, wannan ba ɗan Barakatu mai gyaɗa ba ne?"

"Shlama," in ji Muntaka, gumi yana bin haɓarsa.

"Salama gare ka, ɗan nan. Zazzaɓi kake yi?"

Wata mata ta miƙa masa tuwo da miyar kuka. Ya girgiza kai kamar bai san mene ne ba. Kwana biyu yana girgiza kai. Rana ta uku ya karɓa ya juya baya, aka ji yana suɗe kwano.

Rana ta tara mota ta zo. A tarhil, askar mai rubutu ya tambaye shi ƙasarsa.

"Ashuri."

Askar ya bi jerin ƙasashe da yatsa daga sama har ƙasa, ya sake bi daga ƙasa har sama. "Ina take?"

"Babu ita. Shi ya sa. A kai ni Suwidin." Ya ciro wasiƙar daga wuya.

Askar ya kira abokin aikinsa, wancan ya kira wani, aka kawo shayi, aka karanta wasiƙar a juye aka karanta a daidai. Daga bisani suka ce to, ya zauna ya jira mutanen Suwidin su zo su ce nasu ne.

Ya zauna. 'Yan Bangaladash suka zo suka tafi. 'Yan Yaman suka zo suka tafi. Matar da ta ba shi tuwo tuni ta isa Katsina. Duk ranar da mutanen Najeriya suka zo tantancewa, sai Muntaka ya koma lungu ya ja wuyan kwat, ko an yi masa Hausa ya yi kamar bango aka yi wa. Man gashi ya ƙare, gashi ya koma yadda Allah ya halicce shi. Ya dunƙule safa ya yi ƙwallo, ya kafa gasa a tsakar gida, har masu gadi suna leƙowa suna cewa "ɗanmu, ɗanmu!" Wata huɗu. A wata na huɗu ya daina buga ƙwallon, ya koma kallon taga. Ba Suwidin yake hangowa ba. Ƙamshin wake da burodin tanda na kan kwanar gidansu yake ji, da tarin uwarsa da asuba.

Wata Talata da hantsi wani dattijo ya shigo, Malam Badaru, mai taimaka wa ofishin jakadancin Najeriya wajen gane nasu. Farin gemu, hula, carbi. Bai tambayi kowa komai ba. Ya taka a hankali har lungun da mai kwat yake, ya tsaya a gabansa, ya yi gyaran murya. Shi ke nan.

Kan Muntaka yana Suwidin, amma gwiwoyinsa na Barakatu ne. Kafin ya ankara ya zame silifas, ya durƙusa har ƙasa.

"Baba, ina kwana."

"Lafiya lau, ɗan Ashuri. Ya mutanen Suwidin? Ya sanyi?"

Ɗakin ya kwashe da dariya, har waɗanda ba sa jin Hausa. Muntaka ya so ya miƙe, amma ba a miƙewa babba yana magana.

Malam Badaru ya sunkuyo ya rage murya. "Uwarka ta zo gidana da ƙafarta. Ta ce kada in tambaye ka komai, in tsaya kawai. Ta ce ta fi son ka yi nisa kana yawo da ka ruɓe a nan kusa da ita." Ya ciro alƙalami. "Kano za ka. Ga sunan kawunka a Fagge."

A nan ne Muntaka ya yi kukan da bai yi ba tun yana yaro, ya yi shi da Larabci tsantsa.

Haka ya sauka Kano cikin kwat mai gashi, garin da bai taɓa gani ba sai a bakin uwarsa. Kawun ya ba shi tabarma a zaure. Sati biyu bai fita ba. Ranar da ya fita, ƙafa ta kai shi wani fili, ya roƙi a sa shi. Minti goma ya ci biyu, yana zagin abokan wasansa, "Yalla, yalla, ya hayawan!" A gefen fili akwai Alhaji Adamu, mai wani ƙaramin kulob da ko 'yan'uwan 'yan wasan ba sa zuwa kallo. Bai kalli ƙafar sosai ba. Bakin ya saurara.

Sati na gaba aka manna takardu a gari: a zo a ga Balaraben da aka ɗauko daga Saudiyya. Filin ya cika har kan katanga. Alhaji ya kafa masa doka: kada ya kuskura ya yi Hausa a gaban 'yan jarida. Aka ɗauko masa tafinta, wani malamin Islamiyya mai Larabcin littafi, wanda bai taɓa jin irin abin da ake faɗa a lungunan Jidda ba. Muntaka ya zagi alƙalin wasa tun daga kakansa, malam ya gyara murya ya ce, "Yana yi wa al'ummar jihar nan addu'ar zaman lafiya." Jama'a suka ce amin.

Shekara takwas ya buga, har gwiwa ta ce ta gaji, ya koma koci. Ya yi aure. Mata sukan kawo masa jarirai ya tofa musu, tunda an haife shi kusa da Makka. Shi da a Jidda ko mai shago ba ya kallonsa sau biyu. Sau ɗaya Barakatu ta aika ta hannun alhazai cewa ya yi fasfo ya zo umara ta gan shi. Ya yi fasfon, ya nemi biza sau biyu ba a ba shi ba. Ya aiko mata da kaset yana cewa aiki ne ya riƙe shi, kwantiragi, ya Ummi. A ƙarshen kaset ɗin, ya manta bai kashe ba, ana jinsa yana jan hanci.

Mu'allim Yunan, wanda ya yi sati yana dukan goshinsa da ya ji abin da wasansa ya jawo, ya samu takardar tallan nan ya sa mata gilashi, ya rataye kusa da hoton Ninos. Duk wanda ya kawo gyara sai ya nuna masa: "Yaranmu ne, duk suna buga wasa a waje."

Ɗaya takardar tana ɗakin Barakatu, sama da buhun gyaɗa. A 2012, idonta ya yi rauni, ƙafa ta ƙi zuwa Balad, maƙwabciyarta Mastura ce ke karanta mata, duk da ta haddace. Sai ta ce a sake karanta wurin nan. Mastura ta karanta: Balarabe daga Saudiyya.

Barakatu ta jinjina kai, ta goge hoton da bakin zane.

"Ki ji fa. Ashe Balarabe na haifa, ba wanda ya gaya mini. Shekara talatin da bakwai ina gudun askar a banza."