Ƙullin Goggo Riskuwa

Goggo Riskuwa 'yar masunta ce daga Argungu, aure ya kawo ta Gwadangaji shekara talatin da suka wuce. Abu biyu ta taho da su daga gidan ubanta: bakin da ba ya ƙarya, da wani ƙulli da ake yi wa igiyar taru, wanda duk unguwar ba mai iya kwance shi sai ita. Ni maƙwabciyarta ce, na taɓa gwadawa har farcena ya karye.

Da wata ƙungiya ta zo da batun ware shara don a sarrafa ta, dariya muka yi. Wa ke da lokacin wanke ledar fiya wata? Amma Goggo ta bi mu gida-gida: leda daban, roba daban, gwangwani daban. Ta ce narka su za a yi a ƙera bokiti da kujeru, kwatocinmu su huta. Mu ba ƙungiyar muka yarda da ita ba, Goggo muka yarda da ita. Duk Alhamis mu kai mata, ta cika buhuna ta ɗaure bakinsu da ƙullin nan nata, Sirajo ɗan ƙanenta, direban ƙungiyar, ya zo ya kwashe. Shekara guda cur.

Ranar da na raka ta suna Argungu, motarmu ta yi faci kusa da Zauro. Muna tsaye muna jira, Goggo ta leƙa gangaren fadama. Buhuna ne jibge a bakin ruwa dab da shinkafar mutane, rana ta cinye wasu, leda ta watsu. Ta gangara da kwalliyarta ta suna, ta ɗago ɗaya ta duba bakinsa. Ƙullinta ne, ko kwance shi ba a yi ba.

Da muka dawo ta tsare Sirajo. Ya sunkuyar da kai.

"Goggo, tun wata na biyu masu injin narkawa sunka daina amsa. Shugaban ƙungiya ya ce a ci gaba da kwasa, hoto ɗai aka so."

"Kai kuma kana kallona ina sa matan mutane wankin leda?"

Wallahi ranar ni ma sai da na yi hawaye don takaici.

Alhamis ta zagayo, Aishatu 'yar bayan layinmu ta shigo da kwanduna uku, ta wanke komai tas.

"Goggo, ina za ni zuba wagga?"

Goggo ba ta ɗago kai ba.

"Haɗa su wuri guda, ɗiyata. Shekara guda ina yi muku ƙarya, ban sani ba."