Lallen Sallah a Yatsan Haulatu

Duk faɗin Daura babu wanda ya san cikin ɗan Adam kamar Malam Sha'aban, alhali ko ƙurji bai taɓa matse wa kowa ba. Sau bakwai ya zauna jarrabawar shiga jami'a yana neman likitanci, sau bakwai maki na tsere masa da ƙiris, har taubasai suka laƙaba masa Likitan Allo. Da ya gaji, sai ya jera benci a wani zaure kusa da rijiyar Kusugu, ya koma shirya 'ya'yan mutane don jarrabawar. Yau in ka yi atishawa a asibiti, tsohon ɗalibinsa ne zai ce maka sannu.

Amma ransa na kan 'yarsa Haulatu. Yarinyar da ko kaza za ta ci sai ta kira sunan kowane ƙashi kafin ta tauna. Bana ce shekararta.

Malam ya ja mata kunne a kan komai: ban da agogo, ban da 'yan kunne, ban da biro. Abu ɗaya ya manta. Jarrabawar ta faɗo kwana tara bayan ƙaramar Sallah, yarinya kuma ta je Baure gaida kakarta Inno. Tsohuwa ta rantse jikarta ba za ta shiga taro da farin hannu kamar mai takaba ba. Ta kwaɓa lalle, ta ƙunsa mata har sau uku, yatsu suka yi baƙi wuluk. Malam ya gani, har ya yaba.

Ranar jarrabawa, na'urar tantance zanen yatsa ta ƙi ta. Aka goge, aka sake, ta ƙi. Malam ya ruga ya sayo lemun tsami, ya durƙusa a bakin ƙofa yana dirzar babban yatsanta da ɗan dutse har fata ta ɗaye, jini ya tsattsafo. Yanzu kam ko zanen da za a karanta babu. Ɗalibansa talatin suka wuce ciki, kowa kai a sunkuye. Aka ja ƙofa.

Suka hau babur suka koma gida. Yana naɗa mata tsumma a yatsa, sai ta ɗago ta dube shi.

"Baba, kar ka damu. Ɗaya ke nan. Saura shida in kamo ka."

Ya nemi dariya, ta ƙi zuwa. Wannan ne ciwo na farko da Likitan Allo ya taɓa ɗaurewa, kuma shi ya ji mata shi.