Sunan da Aka Yi Ba Leda

Ko gigin tsufa ya kama ni, ban jin zan manta da bikin sunan ɗiyata ta fari. Na haihu ne a shekarar da sojoji suka karɓi mulki aka rufe gadar da ta haɗa mu da ƙasar Benin. Maigidana direban kamyo ne, babbar motar ɗaukar kaya, rufewar ta same shi a ƙetare. A cikin motarsa kuwa duk kayan sunan suke: farantan roba na ci-ka-yar, kofuna, da ledojin ƙulla abinci. Ya samu ya ƙetaro a kwalekwale, daga shi sai rigar jikinsa.

Wanda bai san matan unguwarmu ba zai ce mene ne abin damuwa. Ni na san su. A lokacin, biki bai cika ba sai kowace mace ta koma gida da ƙullin leda, ƙofar gida kuma ta yi fari fat da ledojin ruwa. Ga shi ni baƙuwa ce, daga Tanda aka kawo ni Gaya, dangin miji na kallon abin da 'yar ƙauye za ta yi. Tsoron kunya ya hana ni sakat, har kuka na yi ina shayarwa.

Gwaggona, wadda ta zo yi mini wankan jego, ta dube ni ta taɓe baki. "Ke ɗiyata, da anka yi sunanki leda anka ci? Share hawaye, ki bar ni da su."

Ta koma Tanda, ta dawo a amalanke da randuna sabbi daga wurin wata maginiya da ta kusa barin sana'ar don rashin masaye. Ta haɗo da ƙorai da ludaya da fayafai, da ɗaurin ganyen ayaba daga lambun bakin gulbi. Da na ga ana sauke su, wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Ranar suna aka jera randunan a inuwa, aka naɗe wainar masa da nama a ganye, aka zuba fura a ƙorai. Ina ɗaki ina leƙe ta labule. Wadda nake tsoro ita ce yayar surukata, tsohuwar da in ta kushe biki, shi ke nan an binne shi. Ta zauna, ta ɗaga ludayi tana juya shi kamar mai neman aibi. Ta kurɓi ruwan randa. Ta sake kurɓa. Sai ta ce a kira mata mai jego.

Na fito, na durƙusa.

"Wa ya ba ki wagga dabara?"

Na ce, "Rashi ne, Inna."

Ta ce, "To Allah shi yi ma rashin albarka. Rabona da ruwa mai ƙamshin ƙasa tun uwata na da rai." Ta goge ido da bakin mayafi, ta ce a ajiye mata randa ɗaya, ta riga kowa.

Washegari ba mu yi wata shara ba. Ganyen awaki suka cinye, ƙoran muka wanke muka kife. Kafin in gama wankan jego, gida uku sun aiko aron kayan. Yau in ana biki a layinmu, su ake fitowa da su, abin da ya fashe a aika Tanda a sayo. Maginiyar nan ba ta bar sana'ar ba, har jikarta ta koya. Ni ma tun daga nan da kwandon kaba nake zuwa kasuwa, kodayake ba zan yi ƙarya ba, leda takan shigo gidana jefi-jefi.

Abin da na koya shi ne, sau da yawa abin da muke jira ya ƙetaro gada yana nan bayan gidanmu, kunya ce kawai ta hana mu duƙawa mu ɗauka.