Yaya Haruna da Ƙarfen da ke Sakin Ƙafa

Shekara shida ke nan da kashe yayana Haruna a gidanmu na unguwar Morris Heights. Har yau idan hunturu ya shigo, na ga mutane a jirgin ƙasa rungume da allunan sulun ƙanƙara, shi nake tunawa.

Daga Damagaram ya zo, bai taɓa taka dusar ƙanƙara ba sai ranar da ya fito daga filin jirgin sama na JFK. Gyaran babur ya iya, shi ya sa wani shago a Manhattan ya ɗauke shi, yana ɗaura ƙarfen da ke riƙe takalmi a jikin allon. Ya jera tsofaffin samfura a bangon ɗakin aikinsa. Na farko igiyar fata ce kawai. Na bayansa waya ce mai cafke dunduniya kamar tarko.

"Wannan ba ya saki, ƙanena," in ji shi. "Mutum ya faɗi, allo ya juya, ƙafa ta bi shi. Ƙashin ƙwauri ya murɗe kamar rake, wani lokaci ya huda fata ya leƙo."

Na zamani kuwa, idan murɗawa ta yi yawa sai su saki takalmin. Aikin Yaya shi ne ya duba nauyin mutum da tsayinsa, ya saita inda ƙarfen zai saki.

Wata rana ina wurin, wani ƙato ya ce a ɗaure masa nasa tamau, ba ya son ya riƙa kuɓucewa. Yaya ya ƙi. Mutumin ya ɗaga takalmin nan mai nauyi ya kwaɗa masa a baki, haƙora biyu suka faɗo kan tebur. Yaya ya tofar da jini, ya ce masa da Turanci, "Kai wa wani ya karya ka. Ba da hannuna ba."

Haka yake, kuma haka ya tafi. Wata Juma'a bayan la'asar ya tarar da maza biyu suna dukan maƙwabciyarmu Hajiya Mariya, 'yar Kumasi, a kan matakalar gidanmu, suna fizgar jakarta. Ya shiga tsakani. Sau uku suka soke shi da wuƙa. Ni na danne raunin cikinsa, jini na ɓulɓulowa ta tsakanin yatsuna. Kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa.

Bana na leƙa shagon. An kawo sabon inji mai gwada ƙarfen, yana nuna lamba a gilashi. Na san da Yaya yana nan da zai yaba, sannan ya faki ido ya sake gwadawa da hannunsa.

Bai mutu ya bar gida ba, bai bar suna ba. Akwai dai mutane a garin nan da ke tafiya da ƙafafunsu lafiya, ba su san wanda ya saita musu ƙarfe ba. Hajiya Mariya ta san shi. Ta koma unguwar Park Hill, ta ce ba za ta iya sake taka matakalar nan ba. Ni har yau ina hawanta kullum.

Allah ya jiƙan Yaya Haruna.